Ƙashin da Na Ɗaga a Kan Mati Magini

Ku da kuke zaune a rumfar nan kuna wasa aska, na ji hirarku. Wai wanzanci ba wani abu ba ne, a jiƙa kai da ruwa, a ja aska daga goshi zuwa ƙeya, shi ke nan. To, ku ajiye dutsen wasa tukuna. Ni Isiyaka na tsufa da aska a hannu, amma har yau in mutum ya sunkuyar mini da kansa sai tafin hannuna ya yi gumi, don na ga abin da ke ƙarƙashin gashin nan da kuke rainawa.

Daga Tirmini aka kawo ni Zango wurin Kawu Ari, ƙanen mahaifiyata, wanzamin da fatake suka sani tun daga nan har hanyar Bilma. Shekara biyu ban taɓa kan mutum ba. Duma yake ba ni, ya shafa masa laka, in ta bushe in aske ta. Ya ga ƙarzane ɗaya a jikin duman, ranar ba ni da hutu. Zabirarsa kuwa na san cikinta kamar cikin bakina: aska uku, 'yar tsaga, ƙaho huɗu da ɗan danƙon toshe su, almakashi, hantsaki, da wani ƙarfe siriri mai lanƙwasa a baki, naɗe cikin tsumma. Na tambaye shi amfanin wannan ƙarfe, ya ce Allah ya sa in mutu ban sani ba.

Washegarin layya ta uku da na yi a gidansa, ya karɓo kan rago ɗanye daga mahauta, ya hana a babbake shi. Ya zaunar da ni a tsakar gida, ya fasa ƙoƙon a hankali da ƙaramin gatari, ya ɗage saman kamar murfin tukunya. Ya nuna mini wani tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ya juya ƙashin da ya cire, ya sa farcena a cikinsa.

"Me ka ji?"

Na ce, "Wasu 'yan kwari ne, Kawu, kamar inda ruwa ya bi a ƙasa."

"Jijiyar jini ce ke kwance a nan, tsakanin ƙashi da tantani. Ƙashi ya tsage, ita ma ta tsage."

Sannan ya ɗaga ƙwaƙwalwar da yatsu biyu. A ƙarƙashinta na ga fararen zaruruwa, biyu-biyu, kowanne ya shige ta hudarsa a cikin ƙashi. Masu kauri biyu sun nufi idanu, sun gitta juna kafin su rabu. Wasu sun nufi hanci, wasu kunne, wasu sun yi ƙasa wajen harshe da muƙamuƙi. A tsakiyarsu jajayen jijiyoyi sun haɗu sun yi zobe. Kawu ya kama yatsana ya ɗora a gefen wuyansa, na ji bugu. Ya mai da shi gaban kunnensa, nan ma bugu. Ya ce jinin da ke hawa ta wuya shi ke ciyar da abin da na gani, kuma duk inda na ji bugu kada bakin askata ya kusanci wurin.

Akwai wata safiya da aka kawo Inna Fanna, mai dama fura a bakin kasuwa, an rufe mata fuska da mayafi. Ta tashi daga barci bakinta ya karkace, ruwa na zubewa ta gefe in ta sha. 'Ya'yanta sun riga sun ce iska ce ta mare ta, suna so a yi mata tsaga a kumatu. Kawu bai buɗe zabira ba. Ya tsuguna gabanta.

"Inna, kama yatsuna da hannu biyu, matse."

Ta matse, ƙarfin duka ɗaya.

"Ɗaga gira, kamar kin ga abin mamaki."

Gira ɗaya ta tashi, ɗayar ta kwanta, goshin wannan ɓarin sumul babu tamoji. Ya ce ta rufe ido, na ɓarin nan ya ƙi rufuwa, sai farinsa ya juyo. Ta ce tun jiya gishiri ba ya yi mata ɗanɗano a gefen harshe.

Kawu ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku kai ta gida."

Babban ɗanta ya fusata, ya ce ana ganin bakin uwarsa haka ana godiya? Kawu ya ce a ɗaure idon da tsumma mai tsabta don kada ya bushe, a riƙa murza fuskar da man shanu, kada kowa ya tsaga ta. Da suka fita ya ce mini, "In goshi ya mutu tare da baki, hannu kuwa lafiya, zaren fuska ne kaɗai ya sami matsala a hanyarsa ta bayan kunne, yawanci yana dawowa. Wanda za ka ji tsoro shi ne bakin da ya karkace alhali gira biyu na tashi. Wannan daga can ciki ne." Kafin wata uku Inna Fanna ta koma kan ƙwaryar furarta tana yi wa masu saye tsawa da cikakken baki.

Shekarar da aka tara mutane aikin ganuwar Birni, ita ce shekarar da ba na so a tuna mini. A farkon rani, da hantsi, Kawu na aske wani bafatake ina riƙe da ƙoƙon ruwa. Sai na ga hannunsa na hagu, wanda ya dafa kan mutumin da shi, ya zame ya faɗi kamar igiya. Ya jirkice. Na tare shi, na karɓe askar. Bakinsa ya ja gefe.

Na ce, "Kawu, ɗaga gira."

Duka biyun suka tashi. Ya dubi fuskata, ya gane abin da na gani.

Ɓarinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Maganarsa ta yi nauyi amma ba ta tafi ba, hankalinsa ma yana nan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne duk abin da ke hagu da shi ya daina saninsa. A ajiye masa tuwo ya cinye rabin akushi ya ce ya ƙare, sai an juya masa akushin. Wata rana ya ɗaga hannunsa na hagu da na dama, ya ce in cire masa, wai hannun wane ne wannan aka bari a tabarmarsa. Haka zabira ta dawo kafaɗata, ban shirya ba.

Aikin ganuwa kuwa kullum sai an sami rauni. An kira mutane daga ƙauyuka, wanda bai taɓa hawa gini ba ya hau. Ana cikin haka wani magidanci daga Dakusa, sunansa Tanko, ya shigo rumfata da ƙafarsa, yana dafe da gefen kansa na dama, tsakanin ido da kunne. Azara ce ta kuɓuce daga sama, bakinta ya same shi. Abokan aikinsa sun ce ya suma kaɗan ya farfaɗo. Raunin bai kai tsawon yatsa ba. Na wanke, na lalluba, ban ji ƙashi ya lotsa ba. Yana ta dariya, yana cewa kan mutanen Dakusa ya fi azara tauri. Ya ce tunda ya zo in aske shi gaba ɗaya, kuma kansa na sara, in kafa masa ƙaho a ƙeya. Na aske shi, na kafa ƙaho biyu. Ya sha fura a gabana, ya tafi.

Da azahar ya yi amai ya ce barci yake ji. Da la'asar aka aiko a kira ni masaukinsu. Na tarar da shi yana minshari mai nauyi, ana jijjiga shi ba ya motsi. Na buɗe idanunsa. Ɗigon baƙin da ke tsakiyar idon dama ya buɗe ya cika, na hagu yana nan ƙarami. Na ɗaga hannunsa na hagu na saki, ya faɗi kamar na Kawu. Kafin a kira magariba ya cika.

'Yan'uwansa suka ce mutum ya shiga rumfata yana dariya ya fito da ajali, ƙahona ne ya jawo masa jini ka. Aka kai magana gaban Sarkin Aska, babban wanzaman gari. Na sa aka ɗauko Kawu a kan tabarma. Da bakinsa mai nauyi ya bayyana cewa ƙashin wurin nan siriri ne, ya tsage ta ciki, jijiyar da ke kwance a kwarinsa ta fashe, jini ya yi ta taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, ko an yi ƙaho ko ba a yi ba. Sarkin Aska ya gane, shi ma tsohon hannu ne. Amma 'yan'uwan mamaci na tsaye, gari kuma ya ɗauka. Ya yanke cewa kada askata ta sake hawa kan kowa har a yi girbi.

Daga ranar rumfata ta zama wurin kwanan awaki. Gidajen da Kawu ya yi wa askin suna tun kakanninsu suka koma kiran wasu. Mata na janye 'ya'yansu in na gitta. Lokacin na yi aure, gida biyu ke kaina, nawa da na Kawu, muka koma cin abin da matata ta samu a kaɗin zare. Wata rana na tambayi Kawu, "Da na gane tun da wuri, me zan yi masa?"

Ya ce, "Da ka hana shi tafiya. Ka zaunar da shi gabanka kana duba idonsa. Abin da ya wuce wannan, ciro ƙarfen nan."

Na kwance tsumman. Ya ce a hanyar Bilma ya ga wani Batube, mutumin hamada, yana buɗe fatar kai, ya ɗaga ƙashin da ya faɗa, ya bar jini ya fita. Sau biyu ya gani, ɗaya ya rayu. Shi da kansa bai taɓa yi ba, ya dai sa maƙeri ya yi masa ƙarfen. Tunda ba ni da aiki, ya sa na riƙa kawo duma ina buga masa dutse, sannan in ɗaga ɓarin da ya lotsa ba tare da na taɓa farin cikin ba. Haka muka cinye ranin nan, tsoho mai rabin jiki da wanzamin da ba ya aski, muna fasa duma a tsakar gida.

Da bazara, ana gaggawar rufe wani sashe na ganuwa kafin ruwa ya sauko, fartanya ta suɓuce wa wani daga sama ta sauka a kan Mati. Mati babban magini ne, maƙwabcinmu, katangar gidanmu ma shi ya ɗora ta. An kawo shi gida da hantsi. Wanzamai biyu suka duba suka ce a kira malamai. Sai ga matarsa Hajo a ƙofarmu, ko takalmi babu.

"Wanzam, zo ka gan shi."

Na ce, "Hajo, kin san hukuncin da ke kaina."

"Ban ce ka aske shi ba. Ka zo ka gani."

Na je. Idonsa biyu, yana bin kowa da kallo. Sama da kunnensa na hagu kai ya lotsa, babban yatsa zai zauna a ramin. Na ce ya faɗi sunansa, ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, babu abin da ya fito sai iska. Hannunsa na dama ba ƙarfi. Ina tsugune sai babban yatsan hannun ya fara rawa shi kaɗai, rawar ta hau hannu, ta kai kumatu, ta ɗan jima ta tsaya. Na duba idanunsa, ɗigon biyu daidai suke. Na koma na faɗa wa Kawu duk abin da na gani.

Ya ce, "Ƙashi ne ke danne shi. In rawar nan ta game jiki, ko barci ya fara ɗaukarsa, ka makara. Je wurin Sarkin Aska."

Na same shi a zaurensa, na durƙusa na yi bayani. Da na gama ya ce:

"Isiyaka, ban ce ka yi ba. Ban kuma aika a riƙe hannunka ba. Amma mutumin nan aikin fada yake yi. In ya mutu da askarka a kansa, ka san garin nan, bakina ba zai isa ya kare ka ba."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

A hanya ƙafafuna suka so su kai ni gida. Da na isa ƙofar Mati na tarar Hajo ta kira limamin unguwa da dattawa uku. A gabansu ta ce ita ta roƙe ni, in mijinta ya mutu kwanansa ne ya ƙare. Liman ya sunkuya ya tambayi Mati ko ya yarda, ya ce in ya yarda ya matse hannunsa. Mati ya matse da hagu.

Muka fito da shi tsakar gida inda haske yake, bayan azahar. Maza huɗu suka danne shi. Aka kawo Kawu aka jingina shi da bango, na sa aka juya shi yadda kan Mati zai zama a damarsa, in ba haka ba ba zai san muna wurin ba. Na tafasa ruwa, na gitta aska da ƙarfen a wuta, na yi bismilla. Na aske gefen, na tsaga fatar. Fatar kai ba ta da rowar jini, nan da nan ya rufe mini komai, ina sharewa yana dawowa.

Kawu ya ce, "Hajo, sa yatsanki gaban kunnensa. Inda kika ji yana bugu, danne da ƙarfi. Kada ki saki ko ya yi ihu."

Ta danne, jinin ya ragu. Na ga ƙashin ya fashe kamar ɓawon ƙwai, gida uku. Biyu sun faɗa ciki amma suna riƙe, ƙaramin kuwa ya rabu ya tsaya a karkace. Na sa hantsaki na zare ƙaramin, na ajiye a ƙoƙo. Ta gurbinsa na zura bakin ƙarfen. Gumi na shiga idona, ba ni da hannun sharewa.

"Kwantar da shi ya bi jikin ƙashi," in ji Kawu. "Kada bakinsa ya dubi ƙasa. Ɗaga kamar kana ɗaga fatar madara."

Na ɗaga. Bai motsa ba. Na ƙara ƙarfi kaɗan, sai na ji ƙas, Mati ya yi wani gurnani, ɗaya daga cikin masu riƙon ya kau da kai. Ɓarin ya dawo daidai da 'yan'uwansa. Na ɗaga na biyun. Wani baƙin gudan jini ya biyo baya, na wanke shi da ruwan ɗumi. A ƙasa na ga tantanin nan, bai yage ba, yana tashi yana komawa.

"Yana bugu?"

"Yana bugu, Kawu."

"To fita. Kada ka ƙara taɓa komai."

Na zuba zuma, na mai da fatar, na bar ɗan gefe don ruwan ciwo ya sami hanya, na rufe da auduga na ɗaure.

Aikin bai kai tsawon dahuwar tuwo ba, jiran ne ya yi tsawo. Kwana na uku zazzaɓi ya kama shi. Kullum da safe in kwance ɗaurin in sa hanci in sansana, in lanƙwasa wuyansa in ji ko ya sandare, in buɗe idanunsa. In na fito sai in tarar da mutane a ƙofar gida, ba mai gaishe ni, fuskata kawai suke karantawa. Sau biyu wani bawan fada ya zo ya tsaya ya tambayi jikin magini, ya dube ni, ya tafi. Na ce wa matata ta ɗaure kayanmu a buhu ta ajiye bayan ƙofa. Kwana na shida zazzaɓin ya sauka. Kwana na tara Mati ya damƙe ludayi da hannun dama, ya kai baki, rabin kunun ya zube a ƙirjinsa. Aka kwance buhun. Ba a jira girbi ba Sarkin Aska ya aiko a ce in buɗe rumfa.

Hannun ya dawo, ko da yake bai sake ɗaukar tubali da shi ba. Maganar ce ta ƙi. Yana jin duk abin da aka faɗa, yana gane kowa. In an tsaya salla ya karanta Fatiha tiryan-tiryan, amma ya nemi ruwan sha sai ya yi ta fama har jijiyar wuyansa ta tashi, a ƙarshe ya nuna randa. Kalma ɗaya ce ta rage masa, "to". Da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa.

Bayan an yi girbi suka shigo rumfata su biyu, da hantsi, ba kowa. Hajo ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli. Ƙaramin ƙashin nan ne da na zare, ta wanke ta adana.

"Wanzam, na yi ta tunani. Ranar da ka cire wannan, ranar maganarsa ta tafi. Ko a cikinsa take? In ka mayar masa, ba za ta dawo ba?"

Na ce, "Hajo, tun kafin in taɓa shi ta tafi, kina wurin. Wannan ƙashi ne kawai, ya mutu, in na mayar ruɓewa zai yi ya kashe shi."

"To ina take?"

Na ce ban sani ba. Abin da na gani kawai zan iya faɗa: Kawu ya rasa hagu amma maganarsa ba ta tafi ba, Mati an buge shi a hagu, dama ta raunana, magana ta tafi. Tana can ƙarƙashin inda fartanya ta sauka, inda ƙarfena ba ya kaiwa.

Ta tsaya riƙe da ƙullin, ba ta mayar ba, ba ta miƙo ba. Mati ya sa hannu ya karɓa. Ya juya ƙashin a tafinsa, ya gwada kaurinsa da farce yadda yake gwada tubali. Sannan ya fita bayan rumfa, ya tona rami da sandarsa, ya sa shi, ya mai da ƙasa ya take da diddige. Ya dawo ya zauna a tabarma, ya cire hula, ya nuna mini ramin da ke kansa don in bi a hankali. Ya dubi matarsa, wadda har yanzu take tsaye, ya nuna mata gefen tabarma.

Ya ce, "To."

Ta zauna. Na jiƙa kan, na fara daga ɓarin dama.